"Sanction": hukunci ne ko amincewa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibar aikin jarida ce. Na saba ganin kalmar Turanci "sanction" a labaran takunkumi, sai ga shi na ci karo da jimlar "The board sanctioned the plan", aka ce min wai hukumar ta amince da shirin ne. Yaya za a yi kalma ɗaya ta zama horo kuma ta zama izini? Da wace kalma zan iya musanya ta?

Amsa: Malama, wanda ya faɗa miki haka gaskiya ya faɗa. Kalmar mai baki biyu ce tun daga tushe. Asalinta Latin ne, "sanctio", wato dokar da aka tabbatar har ta zama ba a wasa da ita. Doka kuwa abu biyu ke tsayar da ita: hatimin mai iko, da horon da zai hau kan wanda ya karya ta. Turanci ya ari kalmar a ƙarni na 15, daga baya ma'anonin biyu suka zauna da gindinsu.

Dabarar da nake bai wa ɗalibai ita ce su dubi abin da aikin ya faɗa a kansa. Idan mutum ne, ko kamfani, ko ƙasa, galibi horo ake nufi: "The court sanctioned the lawyer", kotu ta hukunta lauyan. Idan kuma shiri ne ko wani mataki, to amincewa ce: "The court sanctioned the sale", kotu ta yarda a sayar. Kin ga kotu ɗaya, aikatau ɗaya, amma kalmar da ta biyo baya ta juya zancen gaba ɗaya. Ki yi hattara da "state-sanctioned violence". A nan masu fassara da dama ke zamewa, su rubuta cewa gwamnati ta hukunta masu tashin hankali, alhali ana nufin ta'asar da aka yi da sahalewar gwamnati.

A matsayin suna, lamarin ya fi sauƙi. Jam'i, "sanctions", tare da "impose", "lift" ko "against", takunkumi ne kusan koyaushe, irin wanda Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙaƙaba wa Iraƙi a watan Agustan 1990 bayan ta mamaye Kuwait. Wani abin sha'awa, sashe na 41 na Kundin Majalisar, wanda ake kafa hujja da shi wajen sa takunkumi, bai ma ambaci kalmar ba, matakan da ba na soja ba kawai ya ce. Tilo kuwa yana iya nufin izini, kamar a "without official sanction", wato ba tare da izinin hukuma ba.

Batun musanya. A ɓangaren yarda akwai "approve" da "authorise". "Endorse" goyon baya ne a bainar jama'a, ko daga wanda ba shi da ikon ba da izini, "ratify" kuwa na yarjejeniya ne da majalisa ta tabbatar. A ɓangaren horo akwai "penalise" da "punish". Ni dai shawarata, in da kanki kike rubutun Turanci, ki ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan ki bar aikatau "sanction", don kada mai karatu ya tsaya yana lalube.

Biyun da ba na so ki cuɗa su da ita su ne "embargo" da "boycott". Na farko nau'i ɗaya ne na takunkumi, hana cinikin wasu kaya, kamar hana sayar wa Afirka ta Kudu makamai da Majalisar Ɗinkin Duniya ta wajabta a 1977. Na biyu ƙaurace wa ne da jama'a ke yi don ra'ayin kansu, ba sai da umarnin gwamnati ba, kuma sunan mutum ne ma: Kyaftin Charles Boycott, wakilin wani mai gonaki a Ireland, wanda manoma da ma'aikata suka juya wa baya a 1880 har ya rasa masu girbe masa amfanin gona.