Garma, Huɗa da Kunya: Amsar Tambayoyin Masu Karatu

Wani mai karatu daga Funtuwa ya tambaya ko daidai ne a kira abin da shanu ke ja garma, alhali garmar asali ta hannu ce.

Daidai ne. Bahaushe ya daɗe da garmarsa mai faɗin baki da yake tada kunya da ita. Da Turawan aikin gona suka fara koyar da noman shanu a Arewa cikin shekarun 1920, musamman don auduga da gyaɗa, sai manomi ya ga sabon ƙarfen yana yin aikin da ya sani, ya ba shi tsohon suna, ya ce garmar shanu. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce samfurin Emcot na kamfanin Ransomes da ke Ingila.

Abin da ke damuna shi ne yadda wasu masu labarai a rediyo suke kiran kowane motsa ƙasa huɗa. Duk wanda ya taɓa riƙe garmar shanu ya san tana da baki a gaba da fukafukai biyu. Bakin ya tsaga tsohuwar kunya, fukafukan su watsa ƙasa dama da hagu, a bar kwari a tsakiya, kuma sai shanu sun juyo a ƙarshen gona sannan sabuwar kunya ta cika ta tsaya. Wannan ita ce huɗa. Idan tarakta ta bi gona da haro ta marmashe ƙasa ta bar ta shimfiɗe, ba a yi huɗa ba, domin babu kunya. Haka kuma idan dawa ta tasa aka sake bin kwari da garma don a tura ƙasa gindinta, ban ƙasa aka yi. Manomi bai taɓa rikita waɗannan ba, kuma bai kamata mai riƙe da alƙalami ya rikita su ba.

Wata ɗaliba ta tambaya ko kunyar gona da kunyar ido asalinsu ɗaya. Kalmomi biyu ne da rubutun boko ya haɗa, amma karin sauti ya raba su.

An kuma tambayi sunan itacen da ake ɗora wa shanu biyu a wuya. Sunansa karkiya.

Wani malamin firamare ya ce kirarin nan "noma na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya kai ya tarar" ya daina aiki, tunda mai shanu a tsaye yake huɗa. Ban yarda ba. Duƙawar da ake nufi wahalar sana'ar ce baki ɗaya, kuma garma ba ta cire ciyawar da ke tsakanin shuka a kan kunya. Wannan sai an duƙa da fartanya, ko da mutum yana da shanu goma.