Ƙwayar da ake sayarwa da sunan ekstasi

Tambaya: Likita, barka da aiki. Na tsinci wasu ƙwayoyi biyu masu launi da tambari a aljihun ɗan ƙanena da nake riƙo. Da na matsa masa, sai ya ce ekstasi ce abokinsa ya kawo daga Duwala, wai kuma ba ta kai tramol illa ba. Shin gaskiya ne? Daga wata uwa a Garwa.

Amsa: Hajiya, Allah ya saka miki da alheri da kika lura. Yaron nan bai san abin da ke aljihunsa ba, abokin nasa ma bai sani ba, domin launi da tambari ba sa nuna abin da aka cusa a cikin ƙwaya. Ita ekstasi ta asali, wadda ake kira MDMA, tana da nata haɗarin, amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu haɗa ta sukan musanya ta da wasu sinadarai da ake kira PMA ko PMMA, waɗanda suka fi ta dafi nesa ba kusa ba. A ƙarshen 2014 da farkon 2015 wasu ƙwayoyi masu tambarin Superman, ɗauke da PMMA, sun kashe mutane a Ingila, ciki har da garin Ipswich.

Muguntar wannan sinadari tana cikin jinkirinsa. Yakan ɗauki awa guda ko fiye kafin a ji shi, sai mai sha ya zaci an sayar masa da maras ƙarfi, ya ƙara ta biyu, wani lokaci har ta uku. Idan suka taso masa gaba ɗaya, zafin jiki yakan haura digiri 40, zuciya ta riƙa bugawa ba tsari, tsoka ta sandare, jijjiga ta biyo baya, daga nan ƙoda da hanta su gaza. Ki auna wannan da zafin Garwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da lafiyayye ma yake neman inuwa. Batun tramol kuwa, kwatancen ba shi da amfani, haɗa su ne ma babban bala'i, tunda dukansu suna tunzura sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa, kuma tramol shi kaɗai yana jawo jijjiga.

In har kika gan shi jikinsa ya yi zafi rau, yana zufa, yana cije haƙora ko yana sambatu, kada a tsaya ba shi madara ko manja, kada kuma a dogara da farasitamol, domin ba ya saukar da irin wannan zafi. A rage masa tufafi, a jiƙa jikinsa da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti nan take. Kada a ɗura masa ruwa da yawa, kuma idan ya suma a kwantar da shi ta gefe. Ki tafi da ragowar ƙwayar, ki faɗa wa likita gaskiya ba tare da jin kunya ba, har da lokacin da ya sha da kuma guda nawa.