Ƙwallo na maƙalewa a dagin da na zana da bulo, ina gyaran yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon wasan kwamfuta a Gwammaja, nan cikin Kano. Na sa wa yara LBreakout2, wasan nan na fasa bulo da ƙwallo, har na fara tsara matakai nawa da editan da ke ciki. Na zana dagin Arewa da bulon da ba ya fashewa, na cika cikinsa da masu launi. A ido ya yi kyau, amma ƙwallo kan shiga ta yi ta zagaye ba ta saukowa, wani lokaci kuma bulo ɗaya ya rage a yi ta fama da shi har yaro ya gaji ya tashi. Ina gyaran yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Matsalolin naka biyu tushensu ɗaya ne: ka zana wa ido hoto, ba ka shata wa ƙwallo hanya ba. Dagi kuwa, da yake zarensa saƙe yake cikin juna, duk lungu ne da sako, kamar cikin tsohon gari.

Fara da sanin halin ƙwallon. Idan ta bugi bango ko bulo, da irin karkatar da ta zo take komawa: ta bugi gefe, sai dama ta zama hagu, ta bugi rufi, sai hawa ya zama sauka. Girman karkatar yawanci ba ya sauyawa. Wurin da ɗan wasa ke iya sauya shi ɗaya ne, wato matarin nan da yake ja dama da hagu a ƙasan allo, gwargwadon inda ƙwallon ta sauka a kansa. Bulon da ke fashewa shi ma yana sauya lissafi, domin da zarar ya tafi hanya ta buɗe. To ka ga idan ta faɗa tsakanin bangaye da ba sa fashewa, ba ta dawo wa matari ba, babu kuma abin da ke gushewa, sai ta yi ta bin sawunta na farko. Wasu wasannin kan ɗan karkatar da ita da kansu in ta daɗe a haka, amma kada ka gina mataki kana dogaro da wannan.

Gyaran shi ne ka juya aikin. Ka zana jikin dagin da bulo mai fashewa, ko da mai cin bugu biyu ko uku ne in kana son siffar ta jima a allo, ka bar mai taurin kan a wurare kaɗan kamar tsinin dagin guda huɗu. A ganina bulo ɗaya cikin goma ya isa. Kada ka jera su sahu biyu suna kallon juna a kwance, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sai fa in ƙarshen lungun a buɗe yake ta ɓangarorin biyu. Ka kuma tuna bulo ya fi faɗi a kwance bisa ga tsayinsa. Saboda haka lungu mai gida ɗaya da ya miƙe a kwance ya fi ƙunci ainun bisa wanda ya miƙe a tsaye, ko da yake a edita duka "gida ɗaya" ne. Ƙofar da ƙwallo za ta shiga daga gefe ka ba ta aƙalla gida biyu, uku ma ya fi.

Bulon ƙarshe da ke hana yaro ci gaba kusan kullum a wuri uku yake ɓuya: kusurwar sama, saman bulon da ba ya fashewa, ko cikin aljihu mai baki ɗaya. Ka ɗauki kowane bulo mai fashewa ka tambayi kanka ta fuska nawa ƙwallo za ta iya taɓa shi bayan maƙwabtansa sun tafi. In fuska ɗaya ce, ko ka buɗe masa ta biyu, ko ka ajiye bulo mai tarwatsewa kusa da shi, wanda in an buge shi yake tafiya da na kewaye da shi.

Sai yawan bulo. Filin editan LBreakout2 kamar gidan dara yake, gida 14 a kwance, 18 a tsaye, jimilla 252. Sababbin hannu kan so su cika shi maƙil. Yawan bugu za ka ƙirga, ba yawan bulo ba: bulo 60 masu bugu ɗaya da 20 masu bugu uku sun kama bugu 120. A ɗauka kowace tafiya da dawowa daƙiƙa 3 ce, kuma bugu ɗaya ake samu a kowace, minti 6 ke nan. A shagon da ake biyan kuɗin lokaci, ga wasu na jiran layi, wannan ya yi tsawo ga matakin farko. Sahun ƙasa huɗu ko biyar ka bar su fayau, don bulon da ya matso kusa da matari yana maido da ƙwallo kafin hannun yaro ya motsa.

Akwai abin da ya kamata ka ara daga tsofaffi. Breakout na Atari, na 1976, sahu takwas kawai yake da su, da fili a samansu. Daɗin wasan duka yana wurin huda kafa ɗaya, ƙwallo ta haura bayan ganuwa ta yi ta ɓarna daga sama kana kallo. Ka bar sahu ɗaya ko biyu babu komai a can sama, ka kuma yi wani wuri mai rauni a jikin ganuwar, misali jeri ɗaya na masu bugu ɗaya a tsakiyar masu bugu uku. Yaron da ya gano shi zai ji shi gwani ne. Arkanoid na Taito, na 1986, shi ya shahara da bulon azurfa mai cin bugu da yawa, da na zinare da ba ya fashewa, da garaɓasa, wato kyautar da ke faɗowa in an fasa bulo, a tare ta da matari.

Garaɓasa tana da nata filin daban a editan, a kan bulo ake ɗora ta. Abu biyu ake mantawa. Wadda ka ɗora a kan bulon da ba ya fashewa ba za ta faɗo ba, ka yi asararta. Wadda kuma ka tara a kewayen bulo mai tarwatsewa tare za su zubo, yaro ya kama ɗaya sauran su wuce. Ka raba su. Mai faɗaɗa matari ta zauna a sahun ƙasa don a same ta da wuri, bindiga kuwa a ajiye ta a sama, inda za ta fito lokacin da bulo ya yi kaɗan ana neman abin kakkaɓe saura. Da yake garaɓasa miƙe take saukowa daga inda bulonta yake, wadda ka sa a gefen bango tana janye matari daga tsakiya, yaro ya zaɓa tsakaninta da ƙwallo. Wannan tarko ne mai kyau a mataki na biyar, zalunci ne a na farko. Bulo mai warkewa in an daɗe ba a sake bugunsa ba, kada ka kai shi lungu, don kafin ƙwallo ta koma ya dawo sabo.

Ka buga kowane mataki sau biyar da agogo a gefenka kafin ka sake shi, ka rubuta bulon da ya rage a ƙarshe kowane karo. In bulo ɗaya ne ya maimaita sau uku, shi za ka matsar. Bayan nan ka ba yaron da bai ga zanen ba, kai dai ka yi shiru ka kalla, domin hannunka ya riga ya san kafar. Abu ɗaya ɗaya za ka riƙa sauyawa kana sake gwaji, in ba haka ba ba za ka san wanne ne ya gyara ba.

Fayil ɗin matakan rubutu ne zalla, ɗigo yana nufin gida babu komai. Kana iya gyara shi da hannu, amma kowane layi na filin ya zama harafi 14 cif, in ya ragu ko ya ƙaru matakin na iya ƙin buɗewa. Ka riƙa adanawa bayan kowane gyara saboda ɗauke wuta, ka kuma kwafe fayil ɗin a filash kafin ka kai kwamfutar wurin mai gyara.