Tambaya da Amsa: Wai Binciken Masai Ma Bincike Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a fannin lafiyar al'umma, ina shekarar ƙarshe, na ce zan yi furojet ɗina a kan masai da rijiyoyin unguwarmu amma ƙawayena sai dariya suke min wai wannan aikin duba-gari ne ba bincike ba. Don Allah in canza ne?
Ɗalibarka daga Talata Mafara

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata. Kar ki canza wallahi, fannin naku ma kusan a bakin rijiya aka haife shi. A 1854 kwalara ta ɓarke a Landan, mutane na cewa gurɓatacciyar iska ce, sai wani likita John Snow ya bi gida gida yana ƙirga mamata yana sa alama a taswira har ya gano yawancinsu famfo ɗaya suke sha a titin Broad, aka cire hannun famfon. Daga baya aka ga ashe akwai ramin bahaya dab da rijiyar.

Mu dawo gida ma. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, abin da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau sai da aka auna jinin yaran da ƙasar tsakar gida inda ake daka duwatsun zinare. Kuma a lokacin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ba sa fara ba yaro magani sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar garinsu, don in ya koma gidan gubar zai sake kwasa, shi ya sa yaran garin Bagega da ke Anka suka jira magani har 2013. Kin ga shara ta riga magani kenan. Ko cutar shan inna a ruwan kwata ake farautarta.

Sai dai kar ki tsaya a takardar tambayoyi kawai, kowa ce miki zai yi yana wanke hannu da sabulu saboda kunya. Ki fara gaida mai unguwa ya haɗa ki da matan gida, ki shiga ki gani da idonki, ki auna tsakanin masai da rijiya ko ya kai mita 30, guga a ƙasa ake yar da shi ko rataye wa ake, kashin jarirai ina ake zubarwa. Ki je da rani ki koma da damina, lokacin da ruwa ke cika masai amai da gudawa ya taso.