Amsar tambayar Yaya kan hoton Superman

Assalamu alaikum 'yan gida. Yaya, na ga hoton da kika turo, kina tambaya wai da gaske ne Superman ya koma neman maza. To, ba shi ba ne. Ɗansa ne, Jon Kent, kayan uban ya saka shi ya sa kika rikice. A 2021 kamfanin DC, mai buga littattafan zane na Superman, ya sanar cewa yaron yana son mata yana kuma son maza. Uban, Clark Kent, yana nan da matarsa Lois Lane.

Kuma maganar nan ta girme mu duka. Tun 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Fredric Wertham, ya ce zaman Batman da yaronsa Robin gida ɗaya akwai lauje cikin naɗi. Iyaye suka ɗau zafi, magana ta kai majalisar dattawa. Sai kamfanonin littattafan zane suka kafa wa kansu hukumar tacewa, Comics Code, da ɗan hatiminta a kusurwar bango kamar kan sarki. Dokar ta ce ba batsa ko neman jinsi ɗaya, ba raina ɗan sanda ko alƙali, kuma dole mai gaskiya ya yi nasara. Har budurwa aka ƙirƙiro wa Batman a 1956, Batwoman, don a rufe bakin mutane. Abin dariya, da aka sake fito da Batwoman a 2006, ita kanta mata take so.

To ni abin da nake so ki lura, Yaya, da dokar ta fara sanyi ba zancen neman jinsi ɗaya kaɗai ya shigo ba. Ta ƙofar nan ne wani irin jarumi ya shigo, shi ba akta ba, shi ba bos ba. Kin san rigar nan mai ƙoƙon kai fari a ƙirji da Abba ke yawo da ita? Punisher ke nan, ya fito a 1974. Tsohon soja ne, 'yan daba suka kashe masa mata da 'ya'ya a gabansa. Shi ba ruwansa da kotu, ya kama ka sai kabari. Batman, ko da babban abokin gabarsa Joker ya kama, miƙa shi ga hukuma yake yi. Wannan kuwa harbewa yake, yara suna tafa masa.

Ni wallahi wannan ya fi tsaya min a rai, amma ban taɓa ganin an turo hotonsa nan ana salati ba. Ki duba bangon littafin ko fim ɗin, ana rubuta shekarun da ya dace. Fim ɗin Deadpool dai kar ki bar Abba ya kalla, bakin jarumin ba linzami. Bari na je, an kira sallah.