Launin fata da jinsi a zaɓen shugaban Amurka

Ka tambaya ko wariyar launin fata da ƙyamar shugabancin mata suna tasiri wajen zaɓen shugaban ƙasa. A Amurka suna yi, amma ba su kaɗai ke yanke hukunci ba. Barack Obama ya ci zaɓe a 2008 da 2012, duk da ƙaryar da aka yi ta yaɗawa cewa ba a Amurka aka haife shi ba, har sai da ya fito da cikakkiyar takardar haihuwarsa a 2011. Hillary Clinton kuwa ta fi Trump ƙuri'u da kusan miliyan 3 a 2016, amma tsarin wakilan jihohi, wato tsarin da wakilai daga jihohi ke zaɓen shugaba maimakon jimillar ƙuri'un jama'a, shi ne ya kayar da ita. A ganina, tsadar rayuwa ce ta fi cutar da Kamala Harris, mace baƙar fata da ta sha kaye a zaɓen 2024.