Tambaya da Amsa: Rafi yana cin bayan gidana, ko katangar siminti za ta tsayar da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a wata unguwa ta gabashin garin Gombe. A bayan gidajenmu akwai rafin da ba ya kawo ruwa sai da damina. Lokacin da muka tare, ko yaro yana iya tsallake shi, amma yanzu ya zama kwari mai zurfin da ya wuce tsayin mutum, kuma kowace shekara gaɓarsa tana zaftarewa har ta kusa cim ma katangar gidana. Mun zuba shara da ɓaraguzan gini da buhunan yashi, duk ruwa ya yi awon gaba da su. Wani magini ya ba ni shawarar in ja katangar siminti daidai faɗin filina. Shin hakan zai wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya tsare ku da iyalinku. Katangar da aka ja a bayan gida ɗaya tak ba za ta wadatar ba, kuma ina jin tsoron kuɗin da za ka kashe mata ruwa ne zai cinye su.

Garin Gombe yana kwance ne a kan gangare, daga tudun da ke yamma zuwa gabas, kuma yawancin ƙasarsa mai yashi ce, wadda ba ta da danƙon da za ta riƙe kanta idan ta jiƙe. Tun da garin ya zama babban birnin jiha a 1996, gonakin da ke shanye ruwan sama suka koma gidajen kwano da titunan kwalta da tsakar gida mai daɓen siminti. Lissafin ba shi da wuya: milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, saboda haka rufin da ya kai murabba'in mita 100 yana zubo da lita 5,000 idan aka yi ruwan milimita 50, wato duro 25 daga gida ɗaya. Ka tara gidajen da ke sama da ku, ka ga abin da rafin nan yake ɗauka cikin sa'a guda.

Gaɓa ba daga sama take fara mutuwa ba. Ruwa yana ƙwaƙule gindinta ne, musamman a bayan lanƙwasa inda ya fi gudu, har saman ya rage a rataye, sa'an nan ya rufta da nauyinsa. Katangar siminti da aka kafa a kan wannan yashin haka ruwa zai bi ta ƙarƙashin harsashinta, ko ya zagaya ta gefenta inda ta ƙare, ya shiga bayanta. Idan kuma ba a bar mata ƙofofin tsiyayar ruwa ba, jiƙaƙƙiyar ƙasar da ke bayanta ita ce za ta ture ta. Ko da ta tsaya, santsinta yana ƙara wa ruwa gudu, ya je ya huce a kan maƙwabcinka na ƙasa ko na tsallake, kuma rigimar da ke biyo bayan wannan takan fi zaizayar wuyar gyara. Ita kuwa shara, ku daina zuba ta yau ɗin nan. Leda ba ta kama ƙasa, tana hana ciyawa yin saiwa, kuma idan ruwa ya kwashe ta, kwalbatin da ke gaba take toshewa.

Aikin da yake ɗorewa na layin gidajen gaba ɗaya ne, kuma daga cikin gidajen ake fara shi. Duk wani indararo ko kwata da ke zubar da ruwa kai tsaye a kan gaɓa, a karkata shi zuwa magudana guda wadda aka shimfiɗa wa dutse har ƙasan rafin, wanda kuma yake da hali ya tari ruwan rufinsa a tanki. Sai a yi magana da mai unguwa a hana ɗiban yashi a wurin, domin duk tifar da ta ɗiba tana ƙara wa kwarin zurfi, gaɓa kuma ta biyo baya.

Daga nan sai gindin gaɓar, inda ya kamata mafi yawan kuɗin su tafi. Abin da ya fi dacewa shi ne kejin waya mai kauri, wadda ba ta saurin tsatsa, a cika shi da duwatsun da suka fi ramukan wayar girma, irin wanda ake gani a manyan ayyukan kwari. Fifikonsa a kan siminti shi ne ruwa yana ratsa shi ya tsiyaye, kuma idan ƙasa ta ɗan lotsa yakan lanƙwashe ya bi ta maimakon ya tsage. Sharaɗi uku ne ba a wasa da su: a binne sahun farko ƙasa da shimfiɗar rafin, a zuba tsakuwa a bayansa don kada yashi ya riƙa sulalewa ta tsakanin duwatsun, sa'an nan a cusa ƙarshensa biyu cikin gaɓa. Saman gaɓar kuma a sassabe shi ya kwanta, aƙalla mita biyu a kwance ga kowace mita ɗaya ta tsayi. Na san wannan yana cin fili, kuma a nan ne mutane suka fi ja da baya, amma filin da aka ƙi bayarwa da shebur ruwa zai karɓe shi da kansa.

A kan gangaren da aka kwantar sai a dasa jema, ciyawar nan da ake saƙa faifai da zana da danginta, sahu-sahu a gicciye, tsakanin tushe da tushe kamar taƙi ɗaya ko ƙasa da haka. Saiwarta tana nutsawa zurfi ƙwarai, kuma idan sahun ya haɗe yana tare laka yana rage wa ruwa ƙarfi. Gamba da kiri-kiri suna cike tsakani. Manyan itatuwa irin su maina a ja da su baya, domin wanda aka dasa a bakin gaɓa yakan faɗi ya tafi da ƙasar da ke jikinsa. Aikin dutse na rani ne, dashe kuwa sai damina ta zauna, kuma a killace shi saboda awaki.

Amma aikin gayya yana da iyaka. Kwarin da ya wuce tsayin mutum ya kusa fin ƙarfin unguwa, kuma yana bukatar injiniya ya auna yawan ruwan kafin a aza dutse ko ɗaya. An yi manyan ayyuka irin wannan a Gombe a ƙarƙashin NEWMAP, shirin yaƙi da zaizayar ƙasa da Bankin Duniya ya tallafa wa, kamar na kwarin da ya ratsa jami'ar jiha, yanzu kuma shirin ACReSAL ne ya gaje shi a jihohin Arewa 19 da Abuja. Ku rubuta koke da sunan ƙungiyar unguwa, ta hannun mai unguwa da hakimi, zuwa Ma'aikatar Muhalli ta jiha. Ku kafa turaku a nesa da gaɓar, ku riƙa auna abin da ta ci bayan kowane babban ruwa, ku haɗa da hotuna da adadin gidajen da ke cikin haɗari, domin koke mai awo ya fi samun shiga.

Kafin a kai ga haka, Malam, ka riƙa duba ƙasar bayan gidanka. Idan ka ga tsaga ta miƙe daidai da bakin gaɓar, ko bangon ɗaki ya fara darewa, ka kwashe iyali daga ɗakunan baya, musamman a daren da aka yi ruwa mai yawa cikin Agusta da Satumba.